Hutun Jikoki a Dutsen Nahuri

Tun da shirin ZACA ya rushe Zangon Wagadugu da wani ɓangare na Kuluba a 2003, iyalai suka watse zuwa Nioko da Waga 2000, jikokinmu da yawa sun fi jin Mosanci da Faransanci. Dogon hutun damina ne ke haɗa su da kakanni. Wagadugu fili ce, amma kusa da Po, kan hanyar Paga da muke bi da kaya zuwa Gana, akwai Dutsen Nahuri. Yara su hau, tsofaffi su zauna a gindinsa da goronsu, kaka tana tsokanar “mijinta”, duk da Hausa. Sai dai a tambayi direbobi lafiyar hanya kafin a tashi.