Ka sayi wayar, amma wa ke riƙe da makullinta?

A watan Agustan 2025 kamfanin Google ya sanar da wani sabon tsari. Daga Satumban 2026, a Burazil da Indonesiya da Singafo da Tailan, wayoyin Android masu ɗauke da manhajojin Google ba za su karɓi wata manhaja kai tsaye ba sai wanda ya ƙirƙire ta ya yi rajista, ya nuna wa kamfanin shaidar ko shi wane ne. Sauran ƙasashe za su biyo baya daga 2027. Hujjarsu ita ce 'yan damfara, kuma hujjar ba ta banza ba ce: akwai manhajojin bogi da ke kwashe kuɗin mutane daga asusun banki.

Sai dai mu tuna yadda aka zo nan. A 1981 IBM ya fitar da kwamfutarsa a buɗe, wasu kamfanoni irin su Compaq suka ƙera irinta, farashi ya sauko. A kan irin wannan kwamfuta ce wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux a 1991, bai nemi izinin kowa ba. Android kanta a kan Linux aka gina ta. Wato Google ya shigo ta ƙofar da yake neman sa wa maigadi yanzu, kuma wannan ne ya fi damuna.

Apple kuwa tun 2008 ya killace iPhone: manhaja sai ta App Store, yana kuma yankar har kashi 30 cikin ɗari na cinikin masu ita. Sai a 2024 dokar Tarayyar Turai ta tilasta masa barin wasu shagunan manhaja su shigo. Mai iPhone a Faransa ya samu wannan dama, na Kano bai samu ba.

Je ka kasuwar Farm Centre da ke Kano ka ga amfanin waya buɗaɗɗiya. Yaron shago ya karɓi wayar dattijo, ya tura masa manhaja ta Xender cikin minti biyu, babu data, babu asusu. A sabon tsarin tura manhaja zai ci gaba, amma abin da waya za ta karɓa Google ne zai tantance mai shi. Masu F-Droid, rumbun manhajojin kyauta, sun yi gargaɗin cewa tsarin na iya kashe aikinsu. Bayan ƙorafi ya yi yawa, Google ya yi alkawarin barin wata hanya ga waɗanda suka san kan waya. Hanyar tana hannunsa, shi zai faɗi faɗinta, kuma babu wata hukuma a Abuja ko Yamai da ke teburin da ake yanke wannan shawara.