Daɓen kok a zafin Gombe: wanne ne gaskiya, wanne ne zuƙi ta malle?

Masu gina sababbin gidaje a Tumfure da sauran gefen gari sun fara jin labarin wani daɓe da ake kira kok, galibi ta bidiyon waya, domin ba kasafai ake ganinsa a shagunan kayan gini ba. Ana cewa yana sanyaya ɗaki, ruwa ba ya yi masa komai, wuta ba ta cinsa, gara kuma ba ta kusantarsa. Wasu kuwa sun ƙi shi, wai daji ake sarewa kafin a same shi.

Bari mu sallami masu zancen sare daji, don nasu ne ya fi sauƙi. Kok ɓawon wata bishiya ne da ke fitowa a Fotugal da Sifaniya da Maroko da Aljeriya da Tunisiya, kuma Fotugal kaɗai ke samar da kusan rabin na duniya. Ba a sare ta. Sai ta kai kamar shekara 25 ake fara ɓare ta da gatari, a rubuta lambar shekarar da fenti a jikinta, a bar ta shekara 9 ta yi sabon ɓawo. Takan rayu shekara 200 ana haka. Wanda ya taɓa riƙe tsohon fulas ɗin shayi mai toshiya mai laushi, ya riga ya taɓa kok da hannunsa. Yawancin na daɓe ma ragowar toshiyar kwalabe ne ake niƙawa a danne da gam.

Sirrinsa iska ce. A 1665 Robert Hooke, wani masani a Ingila, ya yanki ɓawon ya duba da madubin ƙara girma, ya ga ƙananan ramuka jere kamar saƙar zuma. Sun kai kusan miliyan 40 a ɗan gutsuren da bai wuce santimita ɗaya ta kowace fuska ba, kowanne cike da iska. Shi ya sa yake da laushi a ƙafa, yake kashe ƙarar takun mai tafiya a bene, kofin tangaran ya faɗi ya tsira. Wannan duk gaskiya ne, kuma tsoho mai ciwon gwiwa zai yaba.

To amma wannan iskar ce ta ƙaryata zancen sanyi. Tayil da siminti suna yi wa tafin ƙafa sanyi ne saboda suna zuƙe zafin jiki da sauri. Kok ba ya zuƙa, mayar maka da ɗuminka yake yi. Turawa sun so shi ne don ƙafarsu ta huta da sanyin hunturu. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke taɓa digiri 40, ba wuta, fanka ta tsaya, mutum ya tuɓe riga ya miƙe a kan tayil, abin da yake nema ke nan kok ya hana shi. A Jos ko Gembu zan fahimci mai sonsa. A Jekadafari kuwa, amfaninsa 'yan makonnin sanyin Disamba da Janairu ne. Zafin ɗaki ma ta kwanon rufi yake saukowa, can ya kamata a kai kuɗin.

Batun ruwa rabin gaskiya ne. Ɓawon yana da wani maiƙo da ke korar ruwa, shi ya sa yake toshe kwalba. Amma daɓen falle-falle ne, sau da yawa a manne kan allon garin katako, ruwa kuma ta mahaɗa yake shiga. A gidan da ake sheƙa bokiti a wanke ƙasa da tsintsiya, ko aka yi jaman fulo ba a shimfiɗa leda a ƙasa ba, damina ɗaya ta isa gefuna su kumbura su ɗago. Allon nan kuma abincin gara ne, ko da ta yi wa ɓawon kansa kawaici.

Wuta fa? Ba ya saurin kamawa, hasali ma ɓawon ne ke kare bishiyar daga gobarar daji. Sai dai garwashi ɗaya ya faɗo daga kaskon turaren wuta, tabon ya zauna ke nan. Ga yashin da takalma ke kwasowa yana kankare man da aka shafa a sama, ga rana ta taga tana kashe launi, ƙafar gado mai nauyi tana barin gurbi. Dole bayan 'yan shekaru a sake shafa man, mai wannan aikin kuma ba kamar mai tayil ba ne da za ka samu a kowace unguwa. (Iyayenmu mata ma da ɓawo suka yi daɓe: tsakuwa da madaɓi da ruwan makuba na ɓawon 'ya'yan ɗorawa, nasu kuma sanyi yake yi.)

A ganina wurinsa ɗakin kwana na bene mai na'urar sanyi, ko ɗakin karatu, ko ɗakin ɗaukar sauti na gidan rediyo. Daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin canji, alhali siminti ga shi nan Ashaka. Wanda duk da haka ya ƙudurta saye, ya nemi a ba shi falle guda ya dubi bakinsa. Na gaskiya za ka ga ɓarɓashin ɓawo a cure har cikin kaurinsa, idan ka danna da farce ya lotsa ya dawo a hankali. In kuwa zanen a sama kawai ya tsaya, ƙasan roba ce sumul, to ledar ɗaki ce.