Sanin Kalma Ba Shi Ne Sanin Harshe Ba: Tsokaci a Kan Wasan "Darmok"

Gabatarwa

A wannan ɗan rubutu zan yi tsokaci ne a kan wani kashi na wasan talabijin na Amurka mai suna Star Trek: The Next Generation. Sunan kashin "Darmok", an fara nuna shi a shekarar 1991. Na zaɓe shi ne saboda ya taɓo matsalar da ni kaina nake fama da ita, da yake da girmana na koyi Hausa.

Yadda Labarin Yake

Kyaftin Picard, wanda Patrick Stewart ya fito a matsayinsa, ya gamu da wasu halittu na wata duniya da ake kira 'Ya'yan Tama. Na'urar fassara ta jirginsa tana juya kalmominsu ɗaya bayan ɗaya, amma ba wanda ya gane nufinsu. Dalili kuwa, ba sa magana sai da ambaton mutane da wurare na cikin labaransu na da. In suna son a haɗa kai, sai su ambaci Darmok da Jalad, waɗanda suka yaƙi wata dabba tare a tsibirin Tanagra har suka zama aminai. Shugabansu, Dathon, ya sa aka sauke shi da Picard a inda wani dodo yake, domin wuya ta koya musu fahimtar juna. Picard ya gane, har ya ba shi labarin Gilgamesh, amma Dathon ya rasa ransa.

Abin Yabo

Wasan ya yi gaskiya da ya nuna cewa ma'ana ba a cikin kalma kaɗai take ba. Ina aji ɗaya, wani dattijo mai sayar da goro ya ce mini ɓarawo ya yi masa shigar burtu. Ƙamus ya gaya mini burtu tsuntsu ne, sai na yi ta tunanin ta wace ƙofa tsuntsun ya shiga. Sai da malaminmu ya bayyana mini cewa maharba kan ɗaura kan burtu a goshi, su sunkuya, su yaudari namun daji, sannan na gane ɓad-da-kama ake nufi. Ranar nan ni ne Picard.

Abin Suka

Duk da haka, akwai inda wasan ya gaza. In ba su da wata magana sai ishara ga labari, da wane harshe suke ba yaransu labarin tun farko? Ta yaya maƙerin jirginsu zai gaya wa yaronsa tsawon ƙarfen da zai yanka? Bahaushe ma yana son karin magana, amma gishiri ce a gare shi, ba ita ce miyar ba. A ganina, harshen da babu zance kai tsaye a cikinsa ba zai iya riƙe al'umma ba.

Kammalawa

Ko da wannan rauni, wasan ya cancanci kowane ɗalibin harshe ya kalle shi. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce kada mu tsaya ga ƙamus da nahawu kawai. Mu shiga Sabo, mu zauna da dattawa, mu saurari tatsuniya da tarihi. In ba haka ba, za mu karɓi digiri, amma a yi mana habaici a gabanmu muna dariya.