Tsarnawa: Adon biki daga garka a lokacin ɗari

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wanda ya tsaya a mahaɗar Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi, zai ga daji ya bushe, kuka ta zubar da ganye, amma garake sun yi kore shar da albasa da kabeji da salati. A wannan lokaci ne kuma bukukuwan aure suke yawaita, tunda an gama girbi, 'yan ci-rani kuma suna aiko da kuɗi daga Abijan, Legas da Libiya.

Duk da haka, in ka shiga rumfar biki, furannin da ke bayan kujerar amarya kusan duka na roba ne. Galibinsu ƙirar Sin ne, suna shigowa ta Illela ta Najeriya zuwa Birnin Konni. Masu deko suna son su saboda ba sa yaushi, kuma ana wanke su a sake ba da haya. Sai dai rufe iyaka daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Maris 2024 ya nuna cewa sana'ar da ta dogara ga hanya ɗaya tana iya tsayawa dare ɗaya.

Abin da ƙasa ke bayarwa

Yankin bai rasa abin ado ba. Ruwan Maggiya da madatsun Mozage da Zango ke tarawa yana shayar da filayen noman rani na Konni, ga kuma rijiyoyin garake har zuwa Galmi. Mangwaro yana fure a tsakiyar ɗari. Zogale yana ba da farin fure mai ƙanshi. Bedi ba ya rabuwa da ganye, kuma ganyensa ya isa cike bangon hoto. Bugenbil da ake shukawa a bakin katanga ya fi nuna launi da rani. Busasshen soɓorodo yana ba da ja, kabar goriba kuma ana saƙa ta a yi ƙofar shiga.

Mafi ɗaukar ido shi ne furen albasa. Albasar da aka bari don iri tana fitar da doguwar sanda mai farin dunƙulen fure a kai. A Turai, 'yan uwanta na ado ake shukawa musamman don sayarwa masu shirya furanni. A nan kuwa, ana wuce shi a gona ba a ko waiwaya.

Ba kyauta ba ne

Kowane dunƙule da aka yanke iri ne manomi ya rasa, kuma irin albasar Galmi kuɗi ne. Haka furen mangwaro: reshen da aka sare ba zai yi 'ya'ya ba. Don haka mai deko sai ya yi ciniki da mai garka tun da wuri, ya biya, ko a ware masa 'yan kwamai na ado kawai.

Gawo ma yana da ganye da rani, amma yana cikin itatuwan da doka ta kare, kuma sare shi kan haɗa mutum da ma'aikatan gandun daji. Tumfafiya kuwa, duk da kyan furenta, ruwanta yana cutar da ido, bai kamata ta kusanci abinci ko yara ba.

Iskar hunturu ita ce babbar matsala, domin cikin 'yan sa'o'i take busar da fure. Dabarar ita ce a yanka da asuba, a tsoma gindin cikin ruwa nan take, a ajiye a inuwa cikin tulu ko randa, a jera dab da zuwan baƙi. Furen albasa yana buƙatar canjin ruwa saboda wari, kuma ya fi dacewa da bakin rumfa.

Furen roba ba zai ɓace gobe ba. Amma iyalin da ya haɗa shi da na garka ya bar wani ɓangare na kuɗin biki a hannun manomi da mai saƙar kaba. Ga ɗan ci-rani da ke shirin aiko da kuɗin deko a bana, tambaya ɗaya ta isa ya yi wa na gida: nawa ne daga ciki zai tsaya a Tsarnawa?