Biliyan ɗinmu da Miliyar ɗin Maƙwabta

Duk wanda ya saba kasa kunne ga rediyo a Gummi, Anka ko Bukkuyum ya san yadda labarin kasafin kuɗi ke zuwa a ƙarshen shekara. Wakilin Abuja ya ce tiriliyan kaza, na Gusau ya ce biliyan kaza, sai a leƙa Yamai a ji wani da Hausarsa garau yana batun miliyar dubu uku na sefa. Dukansu Hausa suke yi, amma ƙidaya iri biyu ce a bakinsu. Tamu ta zo ta hannun Ingila da Amurka, ta mutanen Nijar kuwa daga Faransa. Daga ɗaya har miliyan babu saɓani. Ana wuce miliyan hanya ta rabu biyu.

A tsarinmu, duk sanda aka ninka lamba sau dubu sai a raɗa mata sabon suna. Miliyan dubu shi ne biliyan, mai sifili tara; biliyan dubu shi ne tiriliyan, mai sifili goma sha biyu. A Faransa, Jamus, Italiya da ƙasashen da Faransa ta rena, miliyan dubu miliyar ne, biliyan kuwa sai an tara miliyan sau miliyan. Ke nan biliyan ɗin Bafaranshe shi ne tiriliyan ɗinmu, ya ninka namu sau dubu. Mai fassarar da ya ga kalmar a takardar Faransanci ya kwafo ta yadda take, ya zubar da kashi 999 cikin dubu na kuɗin bai sani ba.

Faransawa ne ma suka haifi tsarin biyu. Wani masanin lissafi, Nicolas Chuquet, shi ya rubuta sunayen biliyan da tiriliyan a littafinsa na 1484, yana hawa matakala ta sifili shida-shida. Daga baya malaman ƙasar suka gajarta matakalar zuwa uku-uku, Amurkawa suka ɗauki gajeriyar a wurinsu, Ingila ta riƙe doguwar. Sai kuma aka yi musaya: Faransa ta koma wa doguwar a hukumance a 1961, gwamnatin Harold Wilson ta Birtaniya ta rungumi ta Amurka a 1974. Can gabas kuwa ba ruwansu da wannan gardama. Mutumin Indiya yana lissafi da lak, wato dubu ɗari, da kuror, wato miliyan goma, har ma yakan rubuta miliyan goma a haka: 1,00,00,000. Sinawa da Japanawa suna canza suna ne bayan kowane sifili huɗu.

Idan ƙa'ida ake bi, doguwar matakala ta fi tsari, domin biliyan na nufin miliyan ya ninka kansa sau biyu, tiriliyan sau uku, suna ya dace da abin da aka raɗa wa. Amma ɗan makaranta ba ya cin moriyar wannan. Abin da ke taimakonsa shi ne sauƙin da ke cikin tamu: ƙirga waƙafi, ka san sunan. Waƙafi ɗaya dubu, biyu miliyan, uku biliyan, huɗu tiriliyan. A nan kam na ba tamu gaskiya.

Rubutu ya fi suna haɗari, kuma shi ne ke taɓa aljihun ɗan kasuwa kai tsaye. Mu waƙafi muke sawa tsakanin dubbai, ɗigo kuma ya raba naira da kwabo. A Nijar waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta, dubbai kuma a bar musu fili ko a sa ɗigo. Kuɗin sefa a ɗaure yake da yuro a kan farashi ɗaya, kuma a bankunan Maraɗi da Ƙonni ana rubuta farashin yuro ɗaya 655,957. Ɗan Bukkuyum ya kalli wannan zai karanta dubu ɗari shida da hamsin da biyar da ɗoriya, alhali sefa 655 ne da 'yan kai. Haka mai sayen zinari da ya saba ganin 2.500 a fuskar ma'auni, giram biyu da rabi ke nan a wurinsa. A takardar abokin cinikinsa na ƙetaren iyaka kuwa, wannan rubutu na iya zama giram dubu biyu da ɗari biyar. Babban taron ma'aunai na duniya ya yanke a 2003 cewa ɗigo da waƙafi duk sun halatta wajen raba gutsure, dubbai kuma a raba su da fili kawai. A bugun inji wannan ya yi kyau. A rasit ɗin da aka rubuta da biro a tsakiyar kasuwa ban yarda da shi ba, don fili wuri ne da mugu zai iya cusa wata lamba. Gara waƙafinmu, a kuma rubuta adadin da kalmomi a ƙasa kamar yadda ake yi a cek.

Inda na fi jinjina wa maƙwabta shi ne wajen faɗa da baki. Ba wai sunayensu sun fi namu fita a kunne ba: miliyan da miliyar harafin ƙarshe ne ya raba su, miliyan da biliyan na farko, kuma idan rediyo na shashsheƙa duk ɗaya ake ji. Sai dai su idan sun kai miliyar sukan tsaya, ba su ƙara sabon suna. Su ce miliyar ɗari biyar, miliyar dubu uku. Kalmar dubu kuwa kowa ya san nauyinta, har tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba. Mu kuma a 2025 an ce mana kasafin tarayya ya kusa tiriliyan 55, na Zamfara ya haura biliyan 500. Wanda bai san matakalar ba zai ɗauka na jiha ya fi, tunda ɗari biyar ta fi hamsin da biyar. Da an ce biliyan dubu hamsin da biyar a gefe guda, biliyan ɗari biyar da 'yan kai a ɗaya gefen, ba sai an yi masa bayani ba.

Haka kakanninmu suke yi tun zamanin wuri. Ba su rasa manyan lambobi ba. Suna da metan, arbaminya, hamsaminya, alfyan. Suna da keso, buhun da ke cin wuri dubu ashirin. Suna da zambar goma, zambar ɗari, har zambar dubu, wato miliyan. Baturen matafiyi Heinrich Barth da ya sauka Kano a 1851 ya tarar ana canjin dala ɗaya a wuri 2,500, ya kuma ƙiyasta tufafin da birnin ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300. Fatake sun riƙe irin wannan lissafi ta hanyar ɗora sanannen suna a kan sananne. Har yau ma bakin kasuwa bai bar wannan ɗabi'a ba. Jaka a wajenmu naira 200 ce, gadon fam ɗari na kafin a sauya kuɗi a 1973, a Nijar kuma jika sefa dubu ce, dala kuma sefa biyar.

Wani zai ce mene ne abin damuwa, tunda talaka ba zai taɓa riƙe biliyan a hannunsa ba. Ai da kuɗinsa ake wannan lissafin. A ba mutum takardun naira dubu-dubu ya riƙa ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa: miliyan zai ɗauke shi minti goma sha bakwai, biliyan kwana goma sha ɗaya da rabi ba barci ba sallama, tiriliyan kuwa kusan shekara talatin da biyu. Wannan ce tazarar da harafi ɗaya ke ɓoyewa.

Mutanen wannan yanki sun ɗanɗana kuɗar abin. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinari ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. An tsabtace wasu ƙauyukan, ƙauyen Bagega kuwa ya yi ta jira. A 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 domin aikin, kuɗin ba su fito ba sai farkon 2013, likitoci kuma ba sa iya fara ba yaro magani alhali zai koma ya yi wasa a cikin ƙasa mai guba. A kunne, miliyan 850 kamar wata dukiya ce da sai an yi taro a kan taro kafin a samo ta. Kasafin tarayya na shekarar ya haura tiriliyan huɗu, wato miliyan sau miliyan huɗu. Abin da yaran Bagega suka yi watanni suna jira bai kai naira ɗaya cikin kowace dubu huɗu ba. Da iyayensu da masu magana da yawunsu sun ji lissafin a haka tun farko, da muryarsu ta fi ƙarfi.

Ba za mu yar da biliyan da tiriliyan ba, takardun banki da na gwamnati da su aka rubuta. Roƙona ga masu karanta labarai a Gusau, Sakkwato da Kaduna, da malaman lissafi na makarantunmu: duk sanda kuka ce biliyan, ku bi shi da miliyan dubu, duk sanda kuka ce tiriliyan, ku ce biliyan dubu. Idan kuma takarda daga Nijar ta fito, a ƙirga sifilinta kafin a buɗe baki.