Ciwon Karkarwa da Injin Tattaki: Yadda Ake Rage Faɗuwar Tsofaffi

Garin Aliero ya yi suna da abubuwa biyu, wato noman albasa da kuma ɗorin karaya. Daga Jega da Maiyama, har ma daga wajen Jihar Kebbi, ana kawo waɗanda suka karye domin a ɗora su. Daga cikinsu akwai tsofaffin da ba hatsarin mota ne ya karya su ba, a tsakar gida suka faɗi ko a bakin ƙofar ɗaki. Akan ɗora ƙashi a koma gida, amma da wuya a tambayi dalilin da ya sa dattijon da ya shekara sittin yana tafiya lafiya ya soma faɗuwa. A wasu lokuta dalilin shi ne ciwon karkarwa, wanda likitoci ke kira cutar Parkinson.

Asalin ciwon

Wani likitan birnin Landan mai suna James Parkinson ne ya fara bayyana wannan ciwo dalla-dalla a shekarar 1817, shi ya sa aka laƙaba masa sunansa. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki mai duhun launi, wanda ƙwayoyinsa ke samar da wani sinadari da ake kira dofamin. Wannan sinadari shi ke sa motsin da jiki ya saba da shi, kamar tafiya da rubutu, ya riƙa gudana ba tare da mutum ya tsaya yin tunani ba. Idan ƙwayoyin suka yi ta mutuwa sannu a hankali, sai dofamin ya yi ƙaranci. Kafin alamu su fito fili, galibi an riga an rasa kusan rabinsu ko fiye.

Manyan alamun su ne karkarwar hannu a lokacin da yake a ajiye, da sandarewar gaɓoɓi, da nauyin jiki wajen motsi. Fuska takan daskare, murya ta yi ƙasa, rubutu ya ƙanƙance. Ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma ba sammu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane fiye da miliyan 8.5 ne ke ɗauke da shi. Shahararren ɗan damben nan Muhammad Ali ya rayu da shi tun daga 1984 da aka tabbatar masa har zuwa rasuwarsa a 2016.

Tsufa shi ne babban abin da ke kawo shi, sai gado a wasu gidaje. Haka kuma bincike ya nuna alaƙa tsakaninsa da yawan cuɗanya da wasu magungunan feshi, musamman maganin ciyawa na farakwat, wanda Tarayyar Turai ta haramta a 2007. Wannan abin lura ne ga manoman albasa da shinkafa da ke yin feshi ba safar hannu, ba kariyar hanci.

Me ke jawo faɗuwa?

Mai wannan ciwo yakan duƙa gaba, takunsa ya gajarta, yana jan ƙafa a ƙasa, hannayensa ba sa lilo. Wani lokaci sai ya kama sassarfa ba da son ransa ba, kamar yana bin jikinsa. Wani lokaci kuma ƙafafun su kafe wuri ɗaya kamar an liƙe su, musamman a bakin ƙofa, ko wajen juyawa, ko cikin cunkoso irin na kasuwar Jega. Ƙafa ta tsaya, gangar jiki ta ci gaba, sai faɗuwa. Kimanin kashi 60 cikin ɗari na masu ciwon sukan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Wanda ya taɓa faɗuwa yakan ji tsoron tafiya, ya zauna wuri ɗaya, tsokarsa ta ƙara rauni, haɗarin ya ƙaru.

Tun ƙarshen shekarun 1960 ake amfani da maganin lebodofa, wanda ƙwaƙwalwa ke juyawa ya zama dofamin. Yana rage sandarewa da nauyin jiki ƙwarai, sai dai bai cika gyara matsalar daidaiton tsayuwa ba. Wannan giɓi ne ya sa masana suka mai da hankali ga atisaye.

Aikin injin tattaki

Injin tattaki wani dandamali ne mai shimfiɗar roba da ke gudana baya a ƙarƙashin ƙafa, da ƙarafan dafawa a gefe biyu. Mutum yana tafiya a kai alhali yana wuri ɗaya. Tun da shimfiɗar ba ta sauya gudunta, dole ƙafa ta bi ta da taku daidai wa daida. Ke nan injin yana ba ƙwaƙwalwa daga waje umarnin da ta kasa ba kanta daga ciki, kamar yadda gangar noma ke daidaita saran manoma a wurin gayya.

A shekarar 2015 ƙungiyar Cochrane ta tattara sakamakon gwaje-gwaje 18 da aka yi a kan mutane 633, ta gano cewa atisaye a kan injin yana ƙara saurin tafiya da tsawon taku. A 2016 kuma mujallar Lancet ta buga wani bincike da aka yi a ƙasashe 5 a kan tsofaffi kimanin 300 masu yawan faɗuwa, cikinsu har da masu ciwon karkarwa. An kasa su gida biyu, kowane rukuni ya yi atisaye sau 3 a mako har mako 6. Rukuni na ɗaya tafiya kawai suka yi. Rukuni na biyu kuwa an ajiye musu allon kwamfuta a gaba, suna ganin ƙafafunsu a kan hanya mai cikas, suna tsallakewa. A wata 6 da suka biyo baya, faɗuwar rukuni na biyu ta sauko daga kusan sau 12 zuwa sau 6, kuma ta gaza ta rukuni na ɗaya da kashi 42 cikin ɗari. Darasin shi ne, kauce wa faɗuwa aikin ƙafa ne da ido da hankali baki ɗaya, don haka sai an horar da su tare.

Inda babu injin

Injin yana da tsada, yana buƙatar wutar lantarki, kuma bai kamata majiyyaci ya hau shi ba sai da kulawar ma'aikacin sashen gashi da motsa jiki. Amma ana iya aiki da hikimarsa a kowane gida. A ja layuka a tsakar gida da toka ko alli, tsakaninsu tsawon taku ɗaya, majiyyaci ya riƙa tsallaka su ɗaya bayan ɗaya, wani yana kusa da shi. A riƙa yi masa tafi ko ƙirga, yana aza ƙafa a kan kowane bugu. Idan ƙafa ta kafe, kada a ja shi. A bar shi ya tsaya, ya karkata nauyinsa gefe ɗaya, sannan ya ɗaga ƙafa da babban taku. Wajen juyawa ya yi kewaye mai faɗi. A kawar da tabarmar da ta naɗe da turmi da igiyar dabbobi daga hanya, a sa fitila a hanyar bayan gida, a sauya silifa da takalmi mai kama dunduniya.

Kammalawa

Ɗalibin da ya lura kakansa ya soma karkarwar hannu da jan ƙafa, ya dace ya shawarci iyayensa su kai shi babban asibitin da ke kusa, inda za a iya tura shi ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da ciwon ba, amma shan magani a kan lokaci da tattaki kullum suna sa mutum ya daɗe yana zuwa masallaci da gona da ƙafarsa. Akwai kuma aiki a gaban ɗaliban Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Jega da na jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero: su ƙidaya tsofaffi nawa ne daga cikin masu zuwa ɗori ke da alamun wannan ciwo, domin a soma kula da su tun kafin karaya ta biyu.