Tsohon Kare da Ciwon Dajin Huhu: Haƙƙin da Ya Rataya a Wuyan Mai Shi

Wannan shiri na musamman zai taɓo wani al'amari da ba a saba jin sa a gidan rediyo ba, watau halin da mutum kan shiga yayin da likitan dabbobi ya duba tsohon karensa, ya ce masa akwai ciwon daji a huhu. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwanmu da ciwon kare alhali asibitocinmu maƙil suke da 'yan Adam? Tambayar tana da nauyi, amma mafaraucin da ya shekara goma yana shiga dawa da karensa, da makiyayin da karensa ya kwana yana tsare garke, da maigidan da ya yi barci da natsuwa domin akwai mai haushi a ƙofar gida, duk sun san cewa dabbar da ta ƙarar da ƙarfinta cikin hidimarsu tana da haƙƙi a kansu, kuma tsufanta ba ya kayar da wannan haƙƙi.

Shari'a ma ba ta yi shiru ba. Ta halatta riƙe kare domin farauta da kiwo da tsaron gona. A mazhabar Imamu Malik, wadda galibinmu muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne a zatinsa. Kuma Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da Allah Ya gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Idan shayarwa sau ɗaya ga karen da ba a sani ba ta kai ga gafara, to yaya kuma jinyar wanda ya tsufa a hannunka?

Ciwon dajin da ya faro daga huhun kansa abu ne mai ƙaranci a karnuka, domin bai wuce kimanin 1 cikin 100 na ciwon dajin da ake samu a jikinsu ba, kuma yawanci yana bayyana ne a kare mai shekara 10 ko 11. Abin da ya fi yawa shi ne cutar ta fara a wani wuri, kamar nonon karya ko ƙashi ko saifa, sannan ta bi jini ta sauka a huhu. Bambancin nan ba ƙarami ba ne, saboda ƙari guda ɗaya da ya tsiro a huhu ana iya cire shi, amma wanda ya yaɗu daga wani wuri ya warwatsu, da wuya wuƙar likita ta yi masa amfani. Game da sababi kuwa, wani bincike da John Reif da abokan aikinsa na Jami'ar Jihar Colorado a Amurka suka wallafa a 1992 ya nuna 'yar alaƙa, mai rauni dai, tsakanin cutar da hayaƙin taba a cikin gida, musamman ga karnuka masu gajeren hanci. Bai kamata maigida ya tsaya yana zargin kansa ba. Mafi yawan lokuta babu wani sababi da za a nuna da yatsa.

Alamar farko yawanci tari ne busasshe wanda ya ƙi tafiya, sai kasala, da rama, da ƙin abinci, da haki bayan 'yar tafiyar da a da ba ta gajiyar da shi. Wani lokaci ƙafafu ne ke kumbura su yi zafi, har mai shi ya zaci targaɗe ne, alhali asalin abin yana cikin ƙirji. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na karnukan ma ba sa nuna komai, sai an ɗauki hoto saboda wata lalura dabam a gan shi. Kuma kada mai sauraro ya firgita da kowane tari, domin ƙurar hunturu da ciwon zuciya da tsutsar zuciya da sanyin ƙirji duk suna kawo shi; hoton ƙirji ne, da ɗan abin da likita zai zuƙo da allura ya duba, za su rarrabe. A arewacin Nijeriya akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, kuma can ya dace a nufa idan likitan kusa ya ga abin ya fi ƙarfin kayan aikinsa.

Idan aka tabbatar, to sai shawara. Allah Ya yi huhun kare sassa-sassa, huɗu a dama, biyu a hagu, saboda haka likita yana iya cire sashe guda da ƙarin da ke cikinsa, kare ya ci gaba da numfashi da sauran. Idan ƙarin ƙarami ne, shi kaɗai, bai taɓa kaluluwar ƙirji ba, kare kan yi shekara ko fiye bayan tiyata. Idan kuwa ya riga ya kai kaluluwa, maganar watanni kaɗan ce, wani lokaci makonni. Saboda haka tambayar da ta wajaba maigida ya yi, kafin ya sayar da akuya ko ya ci bashi, ita ce: “Likita, shin ya yaɗu? Kuma idan aka yi aikin, me zai ƙara masa?” Wanda ya ji amsa, ya auna shekarun karensa da ƙarfin aljihunsa, sannan ya zaɓi jinya a gida maimakon tiyata, bai ci amana ba, kuma ba mu ganin dalilin da zai sa ya ji kunya.

Jinyar gida kuwa ita ce inda mafi yawanmu za mu tsaya, don haka bari mu daɗe a kanta. A nisanta shi da hayaƙin murhu da na taba da na maganin sauro, a yi masa shimfiɗa a inuwa mai iska, a yayyafa ruwa kafin shara, a cire masa igiya daga wuya domin tana matse maƙogwaro ta tayar da tari. A ba shi abinci mai laushi, mai ɗumi, kaɗan-kaɗan sau da yawa, ruwa kuma kada ya yanke a gabansa. Likita zai iya rubuta maganin zafi, da na kwantar da tari, da irin su prednisolone mai rage kumburi ya buɗe ciki. Amma muna roƙon mai sauraro da babbar murya, kada ya ɗauko maganinsa na mutane ya ba kare don tausayi, domin ibuprofen yana gyambatar da cikin kare ya lalata ƙodarsa, kuma ko farasitamol bai halatta a ba shi ba sai da awon likita. Akwai kuma wani awo da kowa zai iya yi ba tare da ko sisi ba: idan kare ya yi barci, a ƙirga ɗagawar ƙirjinsa cikin minti ɗaya. Ƙasa da 30 lafiya ne. Idan ya riƙa haura 40, ko dasashinsa ya koma fari ko shuɗi, ko ya kasa kwanciya sai tsaye da miƙaƙƙen wuya, to a nemi likita a ranar, ba gobe ba.

Saura magana mafi wuya. Wata likitar dabbobi Ba'amurkiya, Alice Villalobos, ta tsara ma'auni mai abu bakwai da ake duba rayuwar dabba mai ciwon ajali da shi: zafi, da ci, da sha, da tsabta, da walwala, da motsi, da kuma ko ranakun daɗi sun fi na wahala yawa, kuma ta sa wahalar numfashi a sahun gaba na zafi, domin dabbar da ke fafutukar shaƙar iska tana cikin azaba ko da ba ta yi kuka ba. Malamanmu ma sun yi bahasi a kan wannan tun da daɗewa, har Muhtasar na Shaihu Halil ya ambaci halaccin hutar da dabbar da ba a cin namanta idan an ɗebe tsammani daga gare ta, ko da yake akwai malaman da suka saɓa. Wanda zuciyarsa ta yi shakka, sai ya tambayi malaminsa da likitansa tare. Likita yana da allurar da ke sa dabba barci mai nauyi kafin zuciya ta tsaya, cikin 'yan mintuna, ba tare da raɗaɗi ba. Abin da babu wata fuska da ta halatta shi, shi ne al'adar nan ta jan tsohon kare a kai shi bayan gari a yar, ko a zuba masa guba, ko a bar wa yara su jefe shi. Idan ya mutu kuma, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne shi, domin maganin allurar yana zama cikin gawa, yana iya kashe ungulu ko wani karen da ya ci.